Wane Irin Labari Za a Ba Matashin da Ci-rani Ya Taɓa Gidansu? Zaɓi Huɗu a Damagaram

A Damagaram ba sai an yi wa mutum bayanin ci-rani ba. Da an gama girbi, an kai dammunan gero rumbu, sai tasha ta cika: wasu Kano da Legas, wasu Agadas su bi ta Dirku har Sabha, wasu kuma Arlit su tsallaka Tamanrasset. Mun iya lissafin abin da matafiyi ya aiko ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita ko Amana. Abin da ba mu saba lissafawa ba shi ne halin yaron da aka bari a gida, ko na yarinyar da aka tafi da ita bara Aljeriya aka tiso ƙeyarta tare da uwarta.

Ɗan ƙanwata yana da shekara 15 lokacin da wayar babansa ta daina shiga daga Libiya. Wata bakwai babu labari. Yaron da a da sai an je an koro shi daga filin ƙwallo bayan magariba ya koma zaman ɗaki. Tuwo ya yi loma biyu ya ture, in dare ya raba uwarsa ta riƙa jin motsinsa a tsakar gida. In na ce, "Me ke damunka?" sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, Kawu." Ni malamin makaranta ne, na yi shekaru ina tsayawa gaban sa'anninsa, amma na rasa ta inda zan ɓullo masa. Abin da ya fara buɗe bakinsa wani ɗan littafin labari ne da muke karantawa tare. Ya tsayar da ni a tsakiyar shafi ya ce, "Kawu, shi ma wannan yaron ba ya iya barci." Daga "shi ma" ɗin nan na gane abin da ya yi wata bakwai yana ɓoyewa.

Tun daga nan iyaye da dama sun tare ni da tambaya ɗaya: "Malam, wanne zan nema masa?" Hanyoyin da muke da su a garin nan huɗu ne: littafin Hausa na takarda irin wanda ake kawowa daga Kano, littafin Faransanci, labarin da ake rubutawa a waya, da labarin sauti da ake saurare. Duk na gwada su, wani a gida wani a aji.

Abin da nake aunawa da shi

Na farko harshe. Yaron zai iya shiga labarin ba tare da ya riƙa tuntuɓe a kowane layi ba? Wanda ransa ke a ƙuntace ba shi da ƙarfin kokawa da ƙamus.

Na biyu gaskiyar labarin, kuma nan na fi tsanantawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata lalura ta ƙwaƙwalwa, ciwon damuwa da fargaba suna cikin na kan gaba. A ajin da ke da yara 70, goma ke nan. Labarin da zai amfane su shi ne wanda ya nuna damuwa yadda take: rashin barci, ƙin abinci, saurin fushi, janyewa daga mutane, da kuma samun sauƙi a hankali. Wanda ya mayar da kowane ƙunci sammun kishiya, ko ya sa yaron ya warke rana ɗaya don an aiko masa da kuɗi, yana koya wa mai karatu ya yi shiru ya jira abin al'ajabi. Haka batun hanya. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace, 52 daga ciki yara ne, akasarinsu daga yankin Kance da ke nan jiharmu ta Damagaram. Ƴaƴanmu ne. Littafin da zai nuna tafiyar nan kamar yawon shaƙatawa, a je a dawo da mota da gida, ba na so ya shigo hannun yaro mai shekara 16 da ke ganin abokansa suna haɗa jaka, balle yanzu da aka soke dokar 2015 mai hana safarar baƙin haure, tun watan Nuwamba na 2023, hanyar Agadas ta sake buɗewa a fili.

Na uku, iyali za su iya shiga? Wannan shi ne ma'aunin da ya fi sauran nauyi a wurina. Labarin da yaro ya karanta shi kaɗai yana rage masa kaɗaici, amma wanda uwa ko kaka ko kawu suka ji tare da shi yana ba gidan abin da za su yi magana a kai ba tare da an nuna shi da yatsa ba. Mu Hausawa kunya ba ta barin ɗa ya dubi uwarsa ya ce raina a ɓace yake. Amma zai iya cewa yaron cikin littafi ransa a ɓace yake.

Sai kuɗi, ƙarko, sauƙin samu, da haɗari.

Littafin Hausa na takarda

Adabin kasuwar Kano ya taso tun tsakiyar shekarun 1980, kuma mu nan tsakaninmu da Kano tafiyar ƴan sa'o'i ce, don haka littattafan sun daɗe suna shigo mana ta Matamai da Magarya cikin kayan ƴan kasuwa. A kuɗi suna da rangwame: ɗan siririn littafi ɗaya ba ya kai kuɗin da zai girgiza cefane. Sai dai a kula, da yawa ana raba su kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, na uku, kuma kowanne yana ƙarewa ne a inda dole ka nemi na gaba. Kafin ka biya, tambayi mai sayarwa ko yana da cikon, don ba abin da ya kai a bar yaro mai zullumi a rataye ciwo.

Ƙarko tsaka-tsaki ne. Takardar ba ta da kauri, ƙusar da aka haɗa shi da ita tana tsatsa da damina, gara kuma ba ta da tausayi. Ni nakan cire ƙusar in ɗinke da zare, in yi masa bango da kwalin sukari. Da haka littafi ɗaya ya zagaya gida biyar a unguwarmu.

Wajen harshe akwai ɗan tsaiko da ba kowa ke tsammani ba. Yaron da ya koyi karatu da Faransanci ya saba rubuta "tch" da "ou", saboda haka ranar farko zai ci karo da "c" da "u" da ƙ da ɗ da ɓ ya tsaya. Kada a ɗauka ya kasa. Kwana biyu zuwa uku yana karantawa da ƙarfi kunnensa zai gyara masa idonsa, don harshen nasa ne. Mu a nan ma muna da tarihi a kan haka: a nan Damagaram (Zinder) aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, kuma tun watan Maris na 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Kalmomin Ingilishi da lissafin naira da ke cikin littattafan Kano su ne za su buƙaci ɗan bayani.

Rauninsa yana wajen jigo. Mafi yawansu soyayya ce da aure da kishi, jaruman kuma sun girmi yaranmu. Wanda ya ɗauki matashi ɗan shekara 14 da babansa ke ci-rani ya sa shi a tsakiyar labari sai an tona. Amma abin da suke da shi wanda sauran ba su kai su ba shi ne gida: akwai gwaggo, akwai kaka, akwai maƙwabciya mai shigowa ba sallama, akwai malamin unguwa. Yaro zai ga irin mutanen da shi ma zai iya jingina da su. Kuma babba zai iya karance shi a dare ɗaya kafin ya miƙa. Wannan kaɗai ya rage haɗari da yawa.

Littafin Faransanci

Nan ne aka fi samun littafin da tun asali don matasa aka rubuta shi, da muryar yaron kansa, yana faɗin abin da ke ransa filla-filla. An tace shi, an gyara, takarda da ɗinki masu kyau, zai yi shekaru. In da hali a nemi irin mai zane-zane, yara masu nauyin karatu suna saurin kama shi.

Tsada ce matsalar farko. Yuro ɗaya sefa 656 ne, don haka littafin da ake sayarwa yuro 8 a Faransa ya haura jikka 5, wato sefa dubu 5, tun kafin a ɗora kuɗin kawowa. Mafita ita ce ɗakin karatu na makaranta in akwai, ko masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa, ko a yi saƙo ga mai zuwa Yamai.

Matsala ta biyu ta fi ta kuɗi. Wanda aka rubuta a Turai, yaron ciki yana da ɗakinsa shi kaɗai, makarantarsu tana da likitan ƙwaƙwalwa, yana ɗaga wa uwarsa murya ya rufe ƙofa. Wanda marubutan Afirka suka rubuta ya fi kusa, amma hijirar da suka fi bayarwa ta teku ce, kwalekwale da Turai, alhali tamu ta rairayi ce, ta Asamaka, inda ake sauke mutanen da aka koro daga Aljeriya a bakin iyaka su taka kilomita 15 a ƙasa kafin su iso gari. Sannan uwar da ba ta yi lakwal ba, wato makarantar boko, an bar ta a waje.

Duk da haka ba na raina shi. Na ga ɗalibai ƴan lise, wato babbar sakandare, da suka fara furta damuwarsu da Faransanci, don kalmar ba ta yi musu nauyi a baki kamar ta Hausa. Wani lokaci baƙon harshe yakan zama mayafi, mutum ya faɗi abin da kunya ta hana shi.

Labarin waya

Gaskiya a nan yaranmu suke, ko mun so ko mun ƙi. Ƙungiyoyin WhatsApp, Facebook, Wattpad, ArewaBooks: marubuciya ta saki shafi yau, gobe ta saki na gaba, masu karatu suna sharhi a ƙasa. Galibi shafukan farko kyauta ne, in labari ya yi daɗi sai a ce a biya, kuma da yawa sukan ba da lamba ta daban don masu biya daga Nijar. Kuɗin labarin kansa kaɗan ne. Abin da ke cin aljihu shi ne data da caji, kuma duk wanda ke garin nan ya san yadda wuta take yi mana lokacin zafi.

Alherinsa ba ƙarami ba ne. Marubutan matasa ne, suna taɓa abin da littafin takarda ya daɗe yana kauce wa: ciwon damuwa da sunansa, shan tramol, yarinyar da aka kai aikatau ƙasar waje, mijin da ya tafi ya ƙi waiwaye. A cikin huɗun nan, nan ne ka fi saurin samun labarin da ya yi kama da abin da ke faruwa bana.

Amma nan ne kuma na ƙone. Na taɓa biya wa ƴar wana wani labari bayan na karanta shafi biyar na farko na ga tarbiyya ce zalla, marainiya ce da kakarta. Ban koma ba. Sai bayan mako uku ta kawo mini wayar da kanta, idonta a ƙasa, ta ce, "Baba, wannan ba irin nawa ba ne." Labarin ya juye batsa tsagwaronta, kuma a ƙungiyar akwai maza baƙi da suka fara yi mata magana ta gefe. Laifina ne, na miƙa abin da ban ga ƙarshensa ba. Labarin waya ba shi da mai tacewa, kuma sau da yawa ita kanta marubuciyar ba ta gama shi ba lokacin da kake biya. Yana iya tsayawa a tsakiya, yana iya sauya hanya don masu sharhi sun matsa.

Akwai haɗari biyu da suka shafi yaro mai damuwa kai tsaye. Ɗaya barci: wanda dama ba ya samun barci, ka ba shi abin da zai riƙe a ƙarƙashin bargo har asuba, ka ƙara masa ciwo. Ɗayan kuma labaran da ke fayyace yadda wani ya hallaka kansa daki-daki, su nuna kowa ya dawo yana kuka yana nadama. Masana lafiya sun daɗe suna gargaɗi cewa irin wannan bayani yana iya jan mai rauni ya kwaikwaya. In ka ga haka a labari, ko na waya ko na takarda, ka ajiye shi.

In za a bi wannan hanya, a zaɓi labarin da aka riga aka kammala, a karɓe shi dunƙule, babba ya karanta har ƙarshe, sannan a tura wa yaron shi kaɗai ba tare da an sa shi a ƙungiya ba. Ƙarko kuwa, ranar da waya ta faɗa ruwa ko aka sace ta, shi ke nan.

Labarin sauti

Rediyo, YouTube, ko a je wurin masu tura waƙoƙi a zuba a katin memori a sa a ƴar rediyo mai caji. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma ba ya tambayar ko ka yi boko. Gajerun labarai irin na gasar Hikayata, wadda BBC Hausa ta fara a 2016 don mata marubuta, sun dace da zama ɗaya bayan sallar isha'i, kuma an tace su kafin a karanta.

A ma'aunin iyali babu kamarsa. Kaka tana jin sa tana ɓarar gyaɗa, uwa tana jin sa tana kwashe tuwo, yaron yana gefe kamar ba ya saurare alhali yana ji. Ya yi kama da tatsuniyar da muka tashi da ita, gidan bai ɗauke shi baƙon abu ba.

Illarsa ita ce wuyar dubawa. Littafi za ka iya buɗe tsakiya ka leƙa, sauti mai sa'a goma sai ka zauna ka ji. Ƙananan yara ma suna ji, ba a iya ware su. Kuma da yawa daga abin da ke yawo a katin memori an karanta shi ne ba da izinin mai littafin ba, wannan haƙƙi ne da ya kamata mu kiyaye. Hanyar da ta fi duka a wurina ita ce sautin gida: a samu littafin takarda, wani a gidan ya riƙa karantawa da ƙarfi, shafi kaɗan kowane dare.

| | Hausa na takarda | Faransanci | Na waya | Na sauti |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | Kaɗan, amma kashi-kashi | Mai yawa in sabo ne | Kaɗan, sai data da caji | Kaɗan |
| Ƙarko | Tsaka-tsaki, sai an ɗinke | Mai kyau | Yana tafiya da waya | Gwargwadon katin |
| Sauƙin samu | Sai an nema | Da wuya | Nan take | Da sauƙi |
| Dacewa da halinmu | Gida ya dace, jigo sai an tona | Damuwa ta fito, wuri ya bambanta | Ya fi kusa da yau | Ya danganta da labarin |
| Shigar iyali | Sosai, in ana karantawa da ƙarfi | Kaɗan | Kaɗan ƙwarai | Fiye da duka |
| Haɗari | Kaɗan | Kaɗan | Mai yawa | Tsaka-tsaki |

Inda littafi ba ya isa

Labari yana buɗe baki, ba ya maye gurbin likita. In yaro ya yi mako biyu ko fiye ba ya ci, ba ya barci, ya daina duk abin da yake so, ko ya fara cewa gara ya mutu, ko yana jin muryoyi, ko ka ga alamar ƙwaya, a kai shi asibiti a faɗa wa ma'aikacin lafiya komai ba ɓoye-ɓoye. Addu'a da rubutu ba su hana zuwa asibiti, a haɗa su. Maganar mutuwa musamman kada a ce yarinta ce, kada kuma a bar shi shi kaɗai a ranar. Ɗan ƙanwata sai da muka kai shi, kuma littafin nan ne ya sa ya yarda ya bi ni.

Wa ya dace da wanne

Yaron da babansa ko wansa ke ci-rani, yana makaranta, ya yi shiru a gida: littafin Hausa na takarda, a karanta tare, kawu ko yaya ko gwaggo ya riƙe. Kada a tsare shi da tambaya bayan kowane shafi, a bari shi ya tsayar da kai.

Ɗan lise mai son karatu, mai zurfin ciki, wanda ba zai taɓa zama a karanta masa ba: littafin Faransanci daga ɗakin karatu, ya karanta shi kaɗai, bayan kwana biyu ka ce ya ba ka labarin da Hausa.

Budurwar da dama wayar tana hannunta kuma ta riga ta saba da marubutan intanet: hana ta ba zai yi ba. A zaɓa tare, kammalallen labari, babbar yaya ko inna ta riga ta karantawa, waya kuma ta kwana a ɗakin uwa.

Saurayin da ke zaman fada, wato majalisar samari, yana maganar shi ma zai kama hanya: gajeren labarin sauti mai faɗin gaskiyar hamada, a saurara tare da abokansa ana shan shayi, in da hali a gayyato wanda ya je ya dawo ya ƙara da abin da idonsa ya gani.

Yarinya ko yaron da aka dawo da shi daga Aljeriya, karatu ya wuce shi, ya ga abin da bai kamata ɗan shekarunsa ya gani ba: sauti, ko karatun gida da ƙarfi. Amma a nan kada a fara da labarin hanya ko na hamada, zai iya tayar masa da firgici. A fara da labarin gida, na yaron da ya koma wurin kakarsa, ya sake sabawa da unguwa, ya samu aboki. Labarin hanya a bari sai ranar da shi da kansa ya ce, "Inna, mu ma haka motarmu ta tsaya."